Idan YouTube ta ce bidiyonka na wani ne: matakan da za ka bi

Duk wanda ya shigo shagona da waya a hannu, rai a ɓace, yana cewa an kama masa bidiyo, maganata ta farko gare shi ita ce kada ya goge, kada kuma ya danna komai sai mun zauna mun karanta saƙon tare. Sana'ata ɗaukar bidiyo ce a nan Sakkwato: bikin aure, naɗin sarauta, walimar sauka, tafsirin azumi. A hankali kula da tashoshin YouTube na wasu mawaƙa da malamai ya dawo hannuna, kuma abin da na gani shi ne yawancin tashoshin da ke mutuwa a garin nan firgita da rashin takarda ne ke kashe su. Abin yana damuna, domin akwai wanda da tashar nan yake ciyar da gidansa.

Kafin mu kai ga inda ake dannawa, ya kamata ka san yadda aka yi tsarin ya zama haka, don ka gane wanda aka gina shi dominsa. A 2006 Google ta sayi YouTube a kan dala biliyan 1.65. A watan Maris na 2007 kamfanin Viacom, wanda a lokacin shi ke da tashoshin MTV da Nickelodeon da kamfanin fina-finai na Paramount, ya maka YouTube a kotu a New York yana neman diyyar dala biliyan 1, bisa zargin an ɗora gutsattsarin shirye-shiryensa sama da 150,000 ba da izininsa ba. YouTube ta kare kanta da wata dokar Amurka ta 1998 da ake kira DMCA. Abin da dokar ta ce kamar mai rumfunan haya ne a kasuwa: ba za a kama shi da laifin kayan satar da ɗan haya ya baje ba, muddin bai sani ba, kuma da zarar mai kaya ya zo ya nuna nasa ya sa aka kwashe. Alƙali Louis Stanton ya ba YouTube gaskiya a 2010, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da shari'ar a 2012, ya sake ba ta gaskiya a 2013, sannan a Maris 2014 suka yi sulhu.

Shekara bakwai ana wannan shari'a, amma abin da ya shafe mu ya faru ne tun a shekarar farko. A 2007 YouTube ta ƙaddamar da na'urar da yanzu ake kira Content ID. Manyan kamfanoni suna ba ta kwafin waƙoƙinsu da fina-finansu, ita kuma tana gwada duk abin da aka ɗora da waɗannan kwafin. In ta ji sauti ko ta ga hoto ya yi daidai, mai kayan yana da zaɓi uku: ya toshe bidiyon, ya bar shi ya kwashe kuɗin tallan da ke kansa, ko ya bar shi yana bibiyar masu kallo kawai. Manya sun daidaita a tsakaninsu, sun koma raba kuɗi. Na'urar kuwa ba ta san wanda ya rubuta waƙa ba, wanda ya riga kai mata kwafi ta sani. Duk shawarar da zan ba ka daga nan ta taso.

Saƙo iri biyu ne, kada ka haɗa su

Na farko shi ne wanda 'yan harka ke cewa kilem, wato da'awar da na'ura ta yi a madadin wani. Wannan ba ya ɓata sunan tasharka. Mafi yawan lokaci bidiyon yana nan ana kallo, kuɗin tallan ne kawai ke tafiya wani wuri, ko kuma a toshe shi a wasu ƙasashe. Na biyu shi ne sitirayik. Shi kuma mutum ne ko kamfani ya rubuta takardar doka ya ce a sauke bidiyonka, aka sauke. Uku daga cikinsu suka taru a kanka, tashar ta tafi da duk abin da ke cikinta, kuma a hana ka buɗe wata.

Don ka san wanda ya same ka, buɗe YouTube Studio, wato shafin da mai tasha ke kula da bidiyoyinsa, ka shiga inda aka jera bidiyoyinka, ka duba layin da ake nuna takunkumi a gefen kowane ɗaya, ka shiga bayanin. In kana da kwamfuta ka yi da ita, ta fi waya nuna komai a sarari. Abu uku za ka nema: sunan mai da'awar, daga minti nawa zuwa nawa yake cewa nasa ne, da abin da ya yi wa bidiyon. Ɗauki hoton shafin ka ajiye. Sannan ka koma bidiyonka ka saurari wannan wurin da kunnenka, da iyafis in da hali.

Sau da yawa a nan maganar take ƙarewa. Ka ɗauki kamun amarya, mai kiɗan taro ya saki waƙar wani fitaccen mawaƙi a lasifika, ta shiga bidiyonka na minti biyu. Ko ka ɗauki tafsiri, ka sa wata ƙasidar Larabci a farko don ƙawatawa. Ko rediyon mai shayi yana yi a bayan wanda kake hira da shi a bakin Tsohuwar Kasuwa. A duk waɗannan da'awar gaskiya ce, kada ka yi jayayya. YouTube Studio ta ba ka hanyar yanke wurin, ko kashe sautinsa, ko musanya waƙar da wata daga ɗakin sautukanta na kyauta, ba tare da ka rasa masu kallon da ka riga ka tara ba. In bidiyon biki ne da ba kuɗi kake nema da shi ba, kuma ba a toshe shi ba, bar shi kawai. Mawaƙin ya ci haƙƙinsa.

Wasu abubuwa da na ga matasanmu na yi, ba su da amfani ko kaɗan. Rubuta a ƙasan bidiyo cewa ba ni da haƙƙin wannan waƙa, ko ambaton sunan mai ita, ba izini ba ne. Maganar da ke yawo cewa in bai kai daƙiƙa 30 ba babu komai, ba ta cikin kowace doka. Juya hoton fim, ko ƙara masa sauri, ko kewaye shi da firam don a ruɗi na'ura, yau ya wuce gobe a kama, kuma ranar da aka kama ba ka da bakin magana. Masu ɗora fina-finan Indiya da aka fassara da Hausa su fi kowa jin wannan: muryar da aka ɗora sabuwa ce, amma hoton na kamfanin da ya kashe kuɗinsa ne, kuma kamfanonin Indiya ba sa wasa da Content ID.

Idan kuma da'awar ƙarya ce

Nan ne nake so ka natsu, domin nan ake cutar ƙananan mutane. Kana da damar ƙalubalantar da'awa in abin naka ne, ko kana da izini a rubuce, ko na'ura ce ta yi kuskure, ko kuma ka yi amfani da ɗan yanki ne don sharhi, suka, koyarwa ko labarai, wanda doka ta yi wa sassauci. Wannan na ƙarshen ka yi hattara da shi, alƙali ne ke tantance shi, ba YouTube ba.

In ka ƙalubalanta, ana tura bayaninka ga mai da'awar, shi ne zai duba, kuma yana da kwana 30. Zai iya janyewa, zai iya cewa yana nan a kan bakansa, zai iya neman a sauke bidiyon gaba ɗaya. In ya yi shiru har kwanakin suka cika, da'awar ta faɗi da kanta. Yi ƙoƙari ka shigar da ƙalubalen a cikin kwana 5 na farko, saboda a haka ne ake riƙe kuɗin tallan tun daga ranar da aka yi da'awar har a raba gardama. In ka yi jinkiri, daga ranar da ka shigar ne za a fara riƙewa.

Bayanin ya zama gajere, kuma na hujja. Ba wurin rantsuwa da Allah ya isa ba ne, ba wurin roƙo ba ne. Ka rubuta da Turanci mai sauƙi, ko ka sami wanda zai rubuta maka: ni na ɗauki wannan bidiyo a wuri kaza, rana kaza, ina da asalin fayil ɗin, ina da yarjejeniya da wane mai ɗauke da sa hannunsa. In ya ƙi, akwai ɗaukaka ƙara, shi kuma yana da kwana 7 ya amsa. Amma ka sani, a wannan matakin in bai janye ba hanyar da ta rage masa ita ce ya nemi a sauke bidiyon, wato sitirayik. Saboda haka kada ka hau wannan tsani sai da hujjar da za ka iya nunawa a gaban alƙali.

Kada tsoro ya hana ka in kana da gaskiya. Rahoton da YouTube ta fitar kan watanni shida na farkon 2021 ya nuna an yi da'awa sama da miliyan 700 ta Content ID, ba a ƙalubalanci ko kashi 1 cikin 100 ba, kuma a cikin waɗanda aka ƙalubalanta kusan kashi 60 cikin 100 mai ɗorawa ne ya yi nasara. Ni abin da na karanta a cikin wannan lissafi shi ne akwai masu gaskiya da yawa da suka haƙura suka bar kuɗinsu.

Wani yaro mai waƙoƙin yabon Manzon Allah (SAW) daga Mabera ya zo mini da irin wannan. Gilashin wayarsa ya tsage ta kusurwa, sai da muka karkata ta kafin sunan mai da'awar ya fito: wani kamfanin rarraba waƙoƙi na ƙasar waje da ko sunansa bai taɓa ji ba.

Ya ce, "Yaya, waƙag ga tawa ta. Ni nir rubuta ta, ni nir rera ta. Ƙaƙa za su ce ta wani ta?"

Na ce, "Wa yay yi maka kiɗin, ƙanena?"

Ashe mai situdiyon da ya buga masa mandirin ya sayar wa wani mawaƙin kiɗan nan ɗaya, shi kuma wancan ya kai waƙarsa wurin kamfanin rarrabawa, suka shigar da ita Content ID. Na'ura ta ji mandiri iri ɗaya ta ba wanda ya riga zuwa. Ba mu fara da ƙalubale ba. Mun hau kabukabu mun tafi situdiyon, mai shi ya buɗe kwamfutarsa ya nuna mana ranar da aka yi aikin yaron, wadda ta riga ta wancan, ya rubuta takarda ya sa hannu, ya kuma kira ɗaya mawaƙin ya nemi ya sa kamfanin ya janye. Aka janye. Irin wannan rigima a tsakaninmu, zama da gaisuwa sun fi fom saurin kashe ta, amma takardar nan ita ce ta sa zaman ya yi nauyi.

In sitirayik ne

Goge bidiyon ba ya cire shi, sai ma ya raba ka da damar kare kanka. Hanya uku gare ka. Ka kalli ɗan darasin haƙƙin mallaka da YouTube ke ba ka, ka amsa tambayoyinsa, ka jira kwana 90 ya fita da kansa, kana kaffa-kaffa kada wani ya biyo baya. Ko ka nemi wanda ya kai ƙarar ka roƙe shi ya janye, yawanci akwai adireshin imel ɗinsa a cikin bayanin. In ɗan fim ne na Kano ko mawaƙi ne namu, wannan ce hanyar da na fi so: ka gaishe shi, ka amsa laifinka in kai ne da laifi, ka yi alkawarin ba za ka sake ba.

Ta uku ita ce takardar martani ta doka, kuma ba abin wasa ba ce. Za ka rubuta cikakken sunanka, adireshinka da lambar wayarka, duk kuma za a miƙa wa wanda ya kai ƙararka. Za ka yi furuci a matsayin rantsuwar kotu cewa kuskure aka yi, ka kuma amince da hurumin kotun tarayya ta Amurka. Daga nan yana da ranakun aiki 10 ya nuna ya kai ka kotu, in bai nuna ba a mayar da bidiyon. Ga 'yan'uwana mata masu tashoshin girki da ƙunshi da ɗinki, ina ba da shawara ku yi tunani sosai kafin ku miƙa adireshin gida ga wanda ba ku sani ba. Lauya zai iya shigarwa a madadinku. Akwai kuma masu kai ƙarar ƙarya sannan su biyo ka a WhatsApp su ce ka biya su janye. Kada ka biya ko sisi, ka ɗauki hoton saƙonnin ka haɗa cikin korafinka ga YouTube.

Ranar da kai aka ɗauka wa

Ka kwana kana tace bidiyon hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Musulmi, washegari ka gan shi a tashar wani, an yanke tambarinka. Fara da adana mahaɗin bidiyon da hoton shafin, sannan ka yi wa mutumin magana. Da yawa yara ne da ba su san laifi ba ne. In ya ƙi, akwai fom ɗin neman saukewa a sashen haƙƙin mallaka na YouTube Studio, kuma ba sai kana da kamfani ba. A ciki akwai zaɓin ba shi kwana 7 ya sauke da kansa kafin sitirayik ya hau kansa, kuma ni shi nake zaɓa in dai ba wanda ya mayar da abin sana'a ba ne. Akwai kuma wurin da za ka nemi a hana sake ɗora kwafin. Facebook da TikTok su ma suna da nasu fom ɗin. Abu ɗaya: kada ka kai ƙara a kan abin da ba naka ba, ko don wani ya soki malaminka ya sa ɗan yankin karatunsa. Ƙarar ƙarya tana iya jawo a rufe taka tashar.

Wani zai ce ai ilimi da wa'azi ba su da mai su. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kare, ba ya halatta a keta shi. Malami yana da ikon ya ce kowa ya yaɗa karatunsa, kuma da yawa suna faɗa. Amma shi zai faɗa, kuma ya kamata a ji ta bakin wanda ya zo da kyamara da janareta ya ɗauka.

Takardun da ya kamata su riga rigima zuwa

Ba a fafe gora ranar tafiya. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, haƙƙi yana tabbata ne da zarar ka yi aikin, ba sai ka yi rajista ba. Amma sayar da haƙƙi, ko ba wani izinin da shi kaɗai zai yi amfani da aikin, sai a rubuce yake inganta. Maganar baka a gaban shaidu, irin wadda muka saba, ba ta wadatar a nan. Saboda haka duk aikin da zai hau intanet, ka sami takarda ko da shafi ɗaya ce, da Hausa ma ta yi: wa ke da waƙa, wa ke da kiɗa, wa ke da hoton, a tashar wa za a ɗora, wa aka yarda ya kai wa kamfanin rarrabawa, yadda za a raba kuɗi. Kowa ya sa hannu da kwanan wata. In mai situdiyo zai sayar wa wani kiɗan, a rubuta cewa ba wanda zai shigar da shi Content ID.

Ajiye asalin fayil kamar yadda ya fito daga kyamara, a wuri biyu, domin yana ɗauke da kwanan watan da aka ɗauka. Zafin Sakkwato da ƙurar hunturu suna cin ma'ajiyar fayil, kada ka dogara da guda ɗaya. Aikin da ka kashe wa kuɗi sosai kuma, ka yi masa rajista a shafin Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, takardar shaidarta tana taimakawa ranar jayayya.

Abokan sana'ata masu ɗaukar biki, dokar ta taɓo mu kai tsaye. Wanda ya ɗauke ka aikin hoto ko bidiyo na harkar gidansa yana da ikon hana ka wallafawa. Ko da babu doka ma, ɗora fuskokin matan mutane a wurin kamu ko walima ba da yardar masu gida ba abin kunya ne. Ka tambayi Alhaji ko Hajiya tun ranar ciniki, ka rubuta amsar a jikin rasit.

Sai tsofaffin waƙoƙi, inda aka fi ruɗewa. Rasuwar mawaƙi ba ta mayar da waƙarsa ta kowa. A dokarmu haƙƙin waƙar yana nan har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu, na faifan da aka naɗa kuma shekara 50 daga fitowarsa. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, ke nan haƙƙin waƙoƙinsa yana nan har ƙarshen 2061, kuma faifan kansa yana iya zama na gidan rediyo ko kamfanin da ya naɗa. Waƙoƙin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, kowa na iya rerawa ya ɗora, amma muryar wadda ta rera su bana aka naɗa tana da mai ita. In kana da tsohon kaset da kake son mutane su ji, nemi magadan mawaƙin ku yi magana, ku rubuta, su ma su sami rabonsu.

Duk lokacin da za ka ɗora sabon bidiyo, ka fara sa shi a ɓoye. Ana cikin ɗorawa YouTube takan binciki haƙƙin mallaka ta nuna maka sakamakon kafin kowa ya gani, sai ka gyara sannan ka buɗe. In kai tsaye kake watsa taro, ka roƙi mai kiɗan ya kashe waƙoƙin mutane ko ka janye makirufonka daga lasifika, domin ana iya katse watsawar ana tsakiyar taro. In kuma rigima ta wuce fom, kuɗi masu yawa suka shiga, shari'ar haƙƙin mallaka a Najeriya Babbar Kotun Tarayya ce ke saurarenta, kuma tana da reshe a nan Sakkwato. Ka tafi wurin lauya da takardar yarjejeniyar, asalin fayil ɗin, da hotunan saƙonnin da ka adana.